Farashin Burodi Da Boren Talakawa A Ƙasashen Larabawa

Duk lokacin da talakawa suka cika titunan wata ƙasar Larabawa suna jifa da ƙone-ƙone, akan sami bayani iri-iri suna rige-rigen isa kunnen duniya. Gwamnatin ƙasar takan ce 'yan gurguzu ne ko 'yan ta-kife suka zuga jama'a. Jaridun Turai da Amurka sukan ce rikicin addini ne, ko kuwa ƙishirwar dimokuraɗiyya irin tasu. Masu hira a bakin kasuwa kuma sukan ce ai makircin manyan ƙasashe ne, sai ka ce Balarabe ba ya jin yunwa sai wani ya raɗa masa a kunne. Kowane bayani daga cikin waɗannan yana da ɗan abin da ya riƙe, amma dukkansu sun tsallake abin da ya fi su girma, watau abin da talaka ke samu a yini, da abin da yake biya kafin loma ta shiga bakin 'ya'yansa, da kuma hannayen da dukiyar ƙasa ke taruwa a cikinsu. Wanda ya jera kwanakin manyan tarzomomin ƙasashen nan tun daga 1977, sa'an nan ya jera kwanakin da aka ƙara kuɗin burodi da na mai kusa da su, zai tarar yawancinsu suna tafiya tare kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Alkawarin Da Aka Yi Wa Talaka

Ba a fahimtar wannan al'amari sai an koma zamanin da ƙasashen suka fita daga hannun 'yan mulkin mallaka. A Masar, kafin hafsoshin soja su tumɓuke Sarki Faruku a 1952, mutanen da ba su kai ɗaya cikin ɗari na masu gonaki ba su ne ke riƙe da kimanin sulusin ƙasar noma, alhali miliyoyin manoma suna ƙodago a gonakin wasu. Sabuwar gwamnati ta kafa doka a shekarar nan cewa kada mutum ɗaya ya mallaki fiye da fadan 200, fadan ɗaya kuwa ya ɗan ɗara eka ɗaya. A 1961 aka rage zuwa 100, a 1969 aka mayar da shi 50. Gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta ƙayyade kuɗin hayar gona, ta hana mai gona korar ɗan haya, ta buɗe jami'o'i kyauta, ta ɗauki alkawarin ba duk wanda ya gama jami'a aikin gwamnati, ta kuma riƙe farashin burodi da sukari da mai a ƙasa da kuɗin baitulmali. Aljeriya da Siriya da Iraƙi da Tunisiya duk sun bi tafarki mai kama da wannan, kowace gwargwadon ƙarfinta.

Amma fa ba kyauta aka yi ba. Abin da aka karɓa daga talaka shi ne bakinsa. Ba jam'iyya sai ta gwamnati, ba jarida sai mai yabo, ƙungiyoyin ƙwadago kuma a yawancin ƙasashen aka mayar da su 'yan amshin shata. Ciniki ne wanda ba a rubuta ba: gwamnati ta ciyar, talaka ya yi shiru. To, ciniki irin wannan yana tsayawa ne muddin mai ciyarwa yana ciyarwa. Da yaƙe-yaƙe da bashi da almubazzaranci suka rarake baitulmali, sai shugabanni suka janye hannunsu daga akushin talaka, amma ba su cire takunkumin da suka sa masa a baki ba. Mutumin da aka hana shi abinci, aka kuma hana shi wurin kai kuka, ba abin da ya rage masa sai titi.

Daga Alƙahira Zuwa Ma'an

Shugaba Anwar Sadat ya buɗe ƙofar Masar ga 'yan jari-hujja a 1974. Cikin 'yan shekaru aka sami sababbin attajirai na shigo da kaya da kwangila da dillancin filaye, albashin ma'aikaci kuwa yana nan inda yake. Ran 17 ga Janairu, 1977, domin a gamsar da Asusun Ba Da Lamuni na Duniya, gwamnati ta ba da sanarwar rage tallafin fulawa da shinkafa da sukari da gas ɗin girki. Kashegari ma'aikatan masana'antun Helwan da na tashar jiragen ruwan Iskandariyya suka fito, ɗalibai suka mara musu baya, kafin kwana biyu wutar ta kama daga Iskandariyya har Aswan. Kusan mutum 80 suka rasa rayukansu, sai da aka fito da soja, gwamnati kuma ta soke ƙarin. Sadat ya ce boren ɓarayi ne, ya ɗora wa 'yan gurguzu laifi. Ya kamata mai karatu ya lura da wuraren da masu boren suka far wa, domin sun nuna inda zuciyarsu take: ofisoshin 'yan sanda, da gidajen rawa na hanyar Dala inda sababbin attajirai ke watsa kuɗi, da manyan motocin alfarma. Mutanen Masar suna kiran burodi da kalmar da ke nufin rayuwa, saboda haka wanda ya taɓa shi ya san abin da ya taɓa.

A Maroko, fari da kuɗin yaƙin Yammacin Sahara suka haɗu suka matse gwamnati, ita kuma ta matse talaka da ƙarin kuɗin fulawa da sukari da man girki. Ƙungiyar ƙwadago ta kira yajin aikin gama-gari ran 20 ga Yuni, 1981, unguwannin marasa galihu na Kasabalanka suka tashi. Hukuma ta ce mutum 66 aka kashe, 'yan hamayya suka ce sun haura 600, ministan cikin gida Idris Basri kuwa ya yi musu ba'a da sunan shahidan burodi. Sai a 2005 aka tono ramin da aka binne wasunsu a harabar 'yan kwana-kwana ta birnin. A Janairun 1984 aka sake kwatawa a Marrakesh da Nador da Tetuwan.

A Tunisiya, a ƙarshen Disamban 1983 gwamnatin Firayim Minista Muhammad Mzali ta ninka kuɗin burodi. Tarzoma ta faro daga ƙauyukan kudu masu fama da talauci, ta hauro har babban birni, aka kashe mutane da dama, har sai da Shugaba Habib Burgiba ya fito a talabijin ran 6 ga Janairu, 1984, ya soke ƙarin da bakinsa. Nan take waɗanda ke jifa jiya suka fito suna yi masa kirari, abin da ya nuna ba wata aƙida ce ta fito da su ba, tukunya ce.

Labarin Sudan ya fi kowanne ba da darasi ga masu cewa addini ne tushen kome. Ja'afar Numairi ya ayyana dokokin shari'a a Satumban 1983 yana zaton za su zame masa garkuwa. A Maris na 1985, ana tsakiyar fari da yunwa, ya ƙara kuɗin burodi da fetur, ya hau jirgi ya tafi Amurka. Jama'ar Khartum, waɗanda yawancinsu Musulmi ne masu son addininsu, suka fito titi, ƙungiyoyin likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da ma'aikatan banki suka tsayar da ƙasar cik da yajin aiki, ran 6 ga Afrilu kuma ministan tsaronsa, Janar Suwar al-Dahab, ya karɓe mulki. Numairi ya ƙare da zaman gudun hijira a Alƙahira.

Aljeriya ta dogara kacokan ga man fetur da gas, da farashin mai ya faɗi ƙasa da rabi a 1986 kuwa sai kantunan gwamnati suka bushe, ayyuka suka tsaya, samari suka cika unguwanni har aka laƙaba musu sunan masu jingina da bango. Yajin aikin ma'aikatan masana'antu na Ruwiba ya share fage, ran 5 ga Oktoba, 1988, samarin suka far wa kantunan gwamnati da ofisoshin jam'iyya mai mulki. Soja suka buɗe wuta, aka kashe ɗaruruwa. Masu wa'azin siyasa daga baya suka shigo suka ɗauki ragamar fushin, domin su kaɗai ke da masallatai da tsari a unguwannin da gwamnati ta yi watsi da su. A Jodan ma, cikin Afrilun 1989, ƙarin kuɗin mai bisa sharaɗin Asusun Lamuni ya tayar da direbobin manyan motoci da na tasi a garin Ma'an, yankin da aka sani da tsananin biyayya ga gidan sarauta. Firayim Minista Zaid Rifa'i ya sauka, Sarki Husaini kuma ya kira zaɓen majalisa na farko cikin shekara 22.

Ƙasashe shida ke nan cikin shekara goma sha biyu. Akwai masu sarki, akwai masu shugaban ƙasa, akwai abokan Amurka, akwai abokan Rasha, akwai mai da'awar shari'a, akwai mai da'awar zamananci. Abin da ya haɗa su shi ne bashi a wuyan gwamnati, da kuma yanke shawarar cewa talaka ne zai biya.

Dukiyar Jama'a Ta Koma Gidajen Tsiraru

Bayan wannan zamani sai aka shiga na sayar da kadarorin gwamnati. Masar ta ƙulla yarjejeniya da Asusun Lamuni a 1991, ta ware kamfanonin gwamnati 314 domin sayarwa. Doka mai lamba 96 ta 1992 ta rushe kariyar da 'yan hayar gona suka samu tun zamanin Nasir, da ta fara aiki sosai a Oktoban 1997 kuwa kimanin iyalai miliyan guda suka wayi gari mai gona na iya korarsu ko ya ninka musu haya yadda ya ga dama. Daga 2004 gwamnatin Ahmad Nazif ta cika da manyan 'yan kasuwa na kusa da Jamal, ɗan Shugaba Husni Mubarak. Ɗaya daga cikin aminan Jamal, Ahmad Izz, ya riƙe fiye da rabin kasuwar ƙarafan gini ta ƙasar, kuma shi ne sakataren tsare-tsare na jam'iyya mai mulki. A takarda tattalin arzikin Masar yana bunƙasa da kusan kashi 7 cikin ɗari a shekara, Bankin Duniya har ya yaba mata a kan ta fi kowa gyara hanyoyin kasuwanci. A ƙasa kuwa, mafi ƙarancin albashi da doka ta sani ya tsaya a fam 35 a wata tun 1984, sai a 2010 kotu ta tilasta a duba shi. A 2008 mutane sun mutu a layin sayen burodi mai tallafi, har Mubarak ya umarci soja su shiga gashin burodi.

A Tunisiya dangin Shugaba Zainul Abidina Bin Ali da na matarsa Laila Tarabulsi sun mamaye harkar waya da banki da sufuri da shigo da motoci. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2014 ya nuna kamfanoni 220 na wannan gida, waɗanda aka ƙwace bayan faɗuwarsa, su ne ke kwashe kashi 21 cikin ɗari na ribar dukkan kamfanoni masu zaman kansu na ƙasar. Daɗin daɗawa, otal-otal da masana'antu da hanyoyi masu kyau duk suna gaɓar teku, garuruwan tsakiya da na kudu kuwa an bar su da ƙura. A Siriya, Rami Makhluf, ɗan kawun Shugaba Bashar al-Asad, shi ne a wancan lokaci ke da babban kamfanin wayar hannu na Syriatel da ɗimbin wasu harkoki. Fari ya addabi arewa maso gabashin ƙasar daga 2006 zuwa 2010, a tsakiyar farin nan kuma, a 2008, gwamnati ta ninka kuɗin man dizal fiye da sau uku, man da manomi ke tayar da injin ban-ruwa da shi. Dubban ɗaruruwan mutanen karkara suka bar gonakinsu suka yi sansani a gefen birane.

Talakawa ba su jira 2011 ba kafin su motsa. A Disamban 2006 mata ma'aikatan babbar masaƙar Mahalla al-Kubra suka ajiye aiki saboda an hana su garaɓasar da aka yi musu alkawari, maza suka bi bayansu, fiye da mutum 20,000 suka zauna a harabar masaƙar har aka biya. Daga nan yajin aiki ya bazu a Masar kamar wutar daji, a Afrilun 2008 kuma mutanen Mahalla suka tuge hoton Mubarak a dandalin gari suka tattake. A shekarar nan dai, a yankin haƙar ma'adinin taki na Gafsa a Tunisiya, sakamakon ɗaukar ma'aikata da aka yi da son kai ya jawo boren da ya ɗauki kusan wata shida a garin Radayif da maƙwabtansa. Duniya ba ta kula ba, domin ba a manyan birane aka yi ba, kuma masu yinsa ba su jin Turanci.

Mai Baro Na Sidi Buzid

A watan Agustan 2010 fari ya sa Rasha ta hana fitar da alkama, ga shi kuwa Masar ce kan gaba a duniya wajen sayen alkama daga waje, maƙwabtanta ma da abincin ƙetare suke rayuwa. Farkon 2011 farashin abinci a kasuwannin duniya ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. A lokacin kimanin saurayi ɗaya cikin huɗu a yankin ba shi da aikin yi, kuma da yawansu masu takardun jami'a ne.

Ana cikin wannan hali, ran 17 ga Disamba, 2010, jami'an hukumar garin Sidi Buzid suka ƙwace kaya da sikelin wani saurayi mai shekara 26, Muhammad Bu'azizi, wanda ke tura baron kayan marmari yana ciyar da gidansu. Ya je ofishin gwamna ya kai kuka, ba wanda ya saurare shi, ya cinna wa kansa wuta, ya rasu ran 4 ga Janairu. Duk wanda ya taɓa kasa kaya a bakin titi a Ikko ko Fatakwal ko Anacha, ya ga motar hukuma ta tsaya an kwashe jarinsa na shekara cikin minti biyu, ba ya bukatar a yi masa tafsirin abin da ya ci zuciyar yaron nan. Boren ya bi garuruwan da aka manta da su, Tala da Kasarin da makamantansu, rassan ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa da malaman makaranta suka ɗauke shi, yajin aikin gama-gari ya tsayar da Safakis ran 12 ga Janairu, ran 14 kuma Bin Ali ya tsere Saudiyya bayan shekara 23 yana mulki.

A Masar aka fito ran 25 ga Janairu, kuma a cikin taken da jama'a ke rerawa burodi ne ya zo farko, kafin 'yanci da adalcin zaman jama'a. Kyamarori sun tsaya a Dandalin Tahrir, amma abin da ya karya ƙashin bayan Mubarak ya faru ne a kwanaki ukun ƙarshe, sa'ad da ma'aikatan motocin haya na Alƙahira da na masaƙu da na kamfanonin da ke hidimar Mashigin Suwez da na asibitoci suka shiga yajin aiki. Ran 11 ga Fabrairu hafsoshi suka ga gara su sadaukar da mutum ɗaya su tsira da sauran. A Siriya boren ya tashi ne daga Dar'a, garin manoma, a watan Maris, kuma cikin gine-ginen farko da aka ƙona har da ofishin Syriatel. Unguwannin talakawa na gefen Dimashƙa da Hims su ne suka riƙe shi, manyan 'yan kasuwar tsakiyar Dimashƙa da Halab kuwa suka daɗe suna kallo.

Abin Da Masu Musu Ke Faɗi

Akwai masu cewa wannan bayani ya taƙaita mutum ga cikinsa. Suna kafa hujja da Libiya da Bahrain, ƙasashe masu arzikin mai waɗanda su ma suka yi bore, da kuma 'ya'yan masu hali da suka shirya zanga-zanga ta Facebook, da kisan gillar da 'yan sanda suka yi wa saurayi Khalid Sa'id a Iskandariyya a Yunin 2010, wanda ya harzuƙa mutanen da ba su taɓa kwana da yunwa ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Mutum yana tashi domin mutuncinsa kamar yadda yake tashi domin abincinsa, kuma boren Falasɗinawa na 1987 da na 2000 mamayar ƙasa ce tushensu kafin kome.

Amma a duba da kyau. Wulaƙancin ɗan sanda ba ya sauka a kan kowa daidai, mai baro da ɗan acaɓa da leburan gini su ke shan mafi yawansa, domin aikin ɗan sanda a irin wannan tsari shi ne tsare dukiyar da aka tara ta hanyar da ba ta dace ba. A Libiya daga Bangazi aka fara, a gabashin ƙasar da ya daɗe yana kukan an yi watsi da shi alhali rijiyoyin mai da yawa suna ɓangarensa. A Bahrain bambancin mazhaba ya hau kan bambancin samu, ƙauyukan 'yan Shi'a su ne suka fi talauci, su ne kuma aka rufe wa ƙofar aikin soja da ɗan sanda. Ɗan boko mai digiri wanda ya kai shekara talatin ba aiki, ba ɗaki, ba halin aure, shi ma talaka ne ko da yana da wayar hannu. Waya tana iya tara mutane a dandali, amma ba ita ke sa su yarda su tsaya gaban bindiga ba.

Hujja mafi ƙarfi kuwa ita ce abin da masu mulkin da kansu suka yi da tsoro ya kama su. Kuwait ta raba wa kowane ɗan ƙasa dinari 1,000 da abinci kyauta na fiye da shekara. Sarki Abdullahi na Saudiyya ya ba da sanarwar kashe kimanin dala biliyan 130 a kan gidaje da albashi da tallafin marasa aiki cikin Fabrairu da Maris na 2011. Aljeriya ta yi maza ta sauke harajin sukari da man girki. A bainar jama'a suna zargin baƙi da 'yan ta'adda, a ɓoye kuwa sun san ciwon, shi ya sa suka nufi baitulmali. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An Kashe Maciji Ba A Sare Kansa Ba

Abin takaici shi ne yadda aka ƙare. A Masar an cire Mubarak, amma masana'antu da filaye da kwangilolin da ke hannun rundunar soja ba wanda ya taɓa su. Soja suka dawo da ƙarfinsu ran 3 ga Yuli, 2013, a 2016 aka ci sabon bashin dala biliyan 12 daga Asusun Lamuni aka karya darajar fam, a Yunin 2024 kuma aka ninka kuɗin burodi mai tallafi sau huɗu. A Tunisiya an sami zaɓe da 'yancin magana, amma shekara goma suka wuce Sidi Buzid da Kasarin suna nan yadda suke, shi ya sa da Shugaba Kais Sa'id ya rufe majalisa ran 25 ga Yuli, 2021, talakawa da yawa suka yi guɗa. A Yaman ƙarin kuɗin mai na Yulin 2014 shi ya ba 'yan Husi tsanin da suka hau suka kama San'a a Satumba. Siriya ta shafe fiye da shekara goma sha uku cikin yaƙi kafin Bashar ya gudu ran 8 ga Disamba, 2024.

Da yake ba a magance cutar ba, sai ta dawo. Sudan ta rasa kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗinta da Kudu ta ɓalle a 2011. A Disamban 2018 aka mayar da burodin fam ɗaya fam uku, garin Atbara na ma'aikatan jirgin ƙasa ya tashi ran 19 ga wata, ran 11 ga Afrilu, 2019, Umar al-Bashir ya faɗi bayan kusan shekara 30. A Oktoban shekarar nan samarin Iraƙi marasa aiki suka cika Bagadaza da Basra, a Labanan kuma shirin sa harajin kiran waya ta WhatsApp ya fito da jama'a daga kowane ɗariƙa suna la'antar shugabanninsu baki ɗaya. Amma a Sudan kamfanonin soja da ma'adinan zinariyar da ke hannun Janar Hamidati sun tsira daga juyin, kuma masu riƙe da su ne suka yi juyin mulki ran 25 ga Oktoba, 2021, sa'an nan suka juya wa juna bindiga ran 15 ga Afrilu, 2023. Mutane fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu, cikinsu har da Hausawan da kakanninsu suka zauna a Jazira da Sinnar tun zamanin tafiya Makka a ƙasa.

Akwai bambanci guda da ya cancanci a riƙe. Inda ma'aikata ke da ƙungiya mai cin gashin kanta, kamar ta Tunisiya da aka kafa tun 1946, fushin jama'a ya sami linzami, an zauna an yi ciniki, ƙasa ba ta wargaje ba, har ƙungiyar ta kasance cikin huɗun da aka ba lambar yabo ta Nobel a 2015. Inda gwamnati ta riga ta murƙushe kowace ƙungiya, kamar Siriya da Libiya, fushin ya rasa magudana, sai ya kwarara cikin ƙabilanci da bambancin mazhaba, masu kuɗin ƙetare da dillalan makamai suka saye shi da araha. Talakan da ya fito domin burodi ya ƙare yana kashe talaka ɗan'uwansa, attajiran ɓangarorin biyu kuwa 'ya'yansu suna Landan da Dubai.

Mai karatu a Nijeriya ba baƙo ba ne ga wannan magani mai ɗaci, domin ya ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da tarzomar da ta biyo bayansa a Mayun 1989, ya ga yadda ƙasa ta tsaya a Janairun 2012 da aka ɗaga litar fetur daga naira 65 zuwa kimanin 141, ya kuma ɗanɗana abin da ya biyo bayan janye tallafin mai a 2023. Saboda haka tarihin Larabawa yana da gargaɗi ga ɓangarori biyu. Gwamnatin da ke neman cike giɓin baitulmali, ta fara da waɗanda suka kwashe shi kafin ta isa ga tukunyar mai baro, domin Sadat da Numairi da Bashir duk suna da soja da 'yan sandan ciki, ba su hana titi cika ba. Talaka kuma ya sani cewa korar mutum ɗaya daga fada ba ta sauke farashin mudu, kuma ranar da za a fito titi ba ita ce ranar da ake fara shiri ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ta direbobi da ta leburori, wadda ke da rajista da asusu da shugabannin da mambobi ke iya tuhuma, wadda kuma ba ta tambayar mutum garinsu ko addininsa kafin ta karɓe shi, ita ce ke iya zama gaban hukuma ta faɗi abin da take so a rubuce, ta kuma tsaya har a cika.